Riyal Mai Fuskar Madubi

Kai, ajiye kwabon nan. Ba a tafin hannu ake ɗora shi ba, gefensa ake kamawa da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar garwashi. Yauwa. Ku 'yan yanzu da kun ɗauki hoton tsohon kuɗi a waya kun watsa, wani ya taya daga Riyad, shi ke nan kun zama 'yan kasuwa. In yi muku Hausa ku mayar mini da "tayyib ya ammi," kuna ƙunshe dariya. To ku gyara zama, shayin ma bai nuna ba tukuna. Tunda kun ce sana'ar ba ta da wuya, bari in gaya muku yadda muka same ta.

Ranar da mahaifina ya kai ni wurin Mu'allim Siraj, ko kwabo ɗaya ban taɓa ba. Shagonsa yana nan Madina, cikin tsohon lungun kasuwa da ya tashi daga ƙofar Harami ta Bab Salam ya ɓulle filin Manaka, lungun da yanzu in ka neme shi sai dai ka taka farin marmara. Ɗan mitsitsin shago ne, in Mu'allim ya miƙe ƙafa sai masu wucewa sun tsallake ta. Asalinsa mutumin Buhara ne, gemunsa ja da lalle, ba ya son surutu. Ya zaunar da ni na ba shi baya, ya riƙa sakin riyal na azurfa a kan wani ɗan allon dutse yana tambayata wanne ne na gaske. Ni kuwa sai canki-canki nake yi, shi kuma yana cewa, "Ya Musa, kunnen jaki gare ka." Mun yi watanni a haka kafin kunnen ya buɗe. Azurfar gaskiya doguwar murya gare ta, tana tafiya tana sirancewa har ta shige cikin hayaniyar lungu. Ta jabu kuwa tari ɗaya take yi ta yi shiru.

Kayan aikinmu gaba ɗaya ba su fi cikin aljihun riga ba. Akwai ɗan mizani mai tasoshin tagulla, da baƙin dutsen gwaji, da adasa, wato gilashin ƙara girma da ake matsewa a kwarmin ido. Akwai ƙyallen karammiski da ake shimfiɗawa kafin a fito da abu mai daraja. Sai ƙayar dabino, da ita muke sakace datti daga tsakanin haruffan kwabon tagulla bayan ya jiƙu a man zaitun, don ƙarfe yana yi wa ƙarfe rauni, ƙaya kuwa ba ta yi. Abin da ba ya shiga shagon shi ne toka da lemon tsami. Kun dai san iyayenmu mata, ba sa iya ganin ƙarfe ya yi duhu su ƙyale shi. Sai Hajiya ta zo da majidi, kuɗin azurfar Turkawa, da ta gada wurin kakarta, ta dirje shi fes tana jiran yabo, Mu'allim ya dafe kai ya ce ta wanke rabin kuɗinsa ta zubar a rariya. Wannan duhun da tsufa ke shafa wa azurfa, shi masu tarawa suke saye.

In alhazai suka sauko ziyara, lungun nan sai ya zama kamar duniya ce ta kwance lalitarta a gabanmu. Rana tana ratsowa ta tagogin katako na benaye, tana zuba a ƙasa yanki-yanki, ƙanshin na'ana'a da turaren wuta yana bin iska, tattabarai suna tashi duk lokacin da ladan ya ɗaga murya. Baturke ya zo da majidinsa, Ba'indiye da rufiya, mutumin Yaman da riyal faransa mai hoton matar nan mai ƙiba. Namu na Kano da Damagaram da Abeshe su juya baya su kwance ɗamara, su fito da sule da sisi da anini mai huda, duk sun yi ɗumi da zafin jiki. Wani kwabon ya yi shekaru yana tafiya da ƙafa kafin ya iso hannuna. Ɗaliban jami'a 'yan Nijeriya kuma su zo da yamma su sayi kwabo mai huda ɗaya, ba don komai ba sai don su riƙa jujjuya shi suna tuna gida.

A nan na fahimci cewa masu sayen tsohon kuɗi iri biyu ne. Na farko ƙarfen yake so, a auna a biya shi. Na biyu kuwa, mai tarawa, ba ruwansa da nauyi. Tambayarsa biyu ce: nawa irinsa suka rage a duniya, kuma hannu nawa ne ya taɓa shi? Na ga likita ɗan Masar ya tsuguna a ƙofar shagonmu rabin yini a kan kwabon da ba zai sayi burodi ba. Ciwo ne, wallahi, kuma mu ne masu maganinsa.

Gwanjon da na sani da idona shi ne na Manaka bayan la'asar, wanda muke kira haraj, inda dillali ke hawa kan akwati yana ihu a kan tsohuwar darduma da butar shayi. Amma akwai wani gwanjon a Turai wanda ban taɓa gani ba sai a littattafan hotuna da Kawaja Nikola yake aiko mana. Shi Kawaja mutumin Labanan ne, yana da ofis a Jidda, shi ne yake kai kayan ƙasar nan gaban masu gwanjon can. Ya ce zaure ne mai kafet, ba a ihu, ba a rantsuwa, mutum ya ɗaga ɗan yatsa kawai a ce ya sayi abin da ya fi gida tsada. Bayan Mu'allim ya rasu ya bar mini shagon, in rana ta take ba ciniki, nakan buɗe littafin in yi ta kallo har gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai in ga zauren nan da fitilunsa, dusar ƙanƙara tana sauka a taga, ni kuma ina zaune a layin gaba da farar jallabiyata ana miƙo mini shayi.

Sai ga shekarar da azurfa ta haukace. Kullum ka wayi gari farashi ya ƙara tashi, har mata suka fara cire mundaye suna kawowa. Maƙera suka hura wuta, aka yi ta narka riyal na dā buhu-buhu, har da waɗanda in da an bar su da yanzu ku ne za ku ci arzikinsu. Ni ma na biye wa kasuwa na sayi azurfa da duk abin da na mallaka. Rana ɗaya ta faɗo ƙasa tim, kamar an yanke igiyar guga. Wasu suka rufe shago suka koma sayar da tasbaha. Ni kafet ɗin ɗakina na kai haraj, na zauna a shago ina korar ƙuda.

Cikin wannan zaman ne Habu Direba ya yi mini sallama wata safiya. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Madina da Khaibar yana ɗauko dabino, har ciwon baya ya sauke shi, ya koma ya kafa ɗan tebur a Uhudu yana sayar wa masu ziyara. Ya zauna a bakin shago, ya kwance wani tsohon hirami, ya fito da ɗan akwati mai shuɗin karammiski da ya koɗe.

"Musa, duba mini wannan. Ka ce wani abu ne ko ba komai ba ne."

Na buɗe, sai na ɗauke numfashi na kau da fuska gefe. Riyal ne na azurfa na zamanin farko, irin wanda na auna dubbai, amma ba shi ba ne. Filinsa sumul yake, mai zurfi, kamar ruwan randa da ba a taɓa ba. Na hango idona a ciki, na hango tagar benen da ke bayana, har wata tattabara ta gifta ta cikinsa. Haruffan kuma da takubban da bishiyar dabinon sun taso fari fat kamar an yayyafa musu gishiri. Kawaja yana kiran irinsa furuf, mu kuwa mai madubi muke ce masa. Ba don kasuwa ake buga shi ba. Sai an goge hatimin ƙarfen ya yi ƙyalli, a buga a hankali, a sake bugawa, a ɗauke shi da safar hannu a kwantar a akwati, don samfur ko kyautar manya. 'Yan ƙalilan ake yi. Mu'allim Siraj duk tsawon ransa sau ɗaya ya ga irinsa, kuma har ya mutu yana ba da labarin.

Na ce, "Yaya Habu, ina ka samo wannan?"

Ya ce tun yana saurayi ya yi wa wani Bature injiniya tuƙi a wajen Jidda. Da zai koma ƙasarsu ya ba shi akwatin, ya ce kada ya taɓa abin da ke ciki. Shi kuma direba ne, abin da maigida ya ce shi ke nan. Sau ɗaya ya buɗe, ya ga fuskarsa, ya rufe ya tura ƙasan adaka.

"To me ya sa ka fito da shi yanzu?"

"Yaya Dije," in ji shi.

Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da iyayensu suka taso hajji da ƙafa daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram, shi aka ɗauko yana ƙarami, ita aka bar ta wurin kaka da nufin in an dawo a same ta. Ba a koma ba. Ta yi aure, ta haifa, ta tsufa a can, sai dai gaisuwa a bakin alhazai. A hajjin da ya wuce alhazan ƙauyen suka kawo masa labari cewa idonta na hagu ya tafi, na daman ma yana dusashewa. Ta ce a gaya wa Habu ba ta roƙonsa komai a duniya, sai dai ta ga Koriyar Kubbar Masallacin Annabi da ɗan sauran ganin da Allah ya bar mata. Kawo ta kuwa sai kujerar jirgi biyu, ita da ɗanta da zai riƙe ta, ga takardu, ga guzuri. Tebur ɗin dabino ba zai yi wannan ba.

Na rufe shago na tafi gidan waya na kira Kawaja. Na kwatanta masa riyal ɗin tsaf. Sai ya fara jero tambaya. Akwai kwarzane? Babu. Akwai tabo? Babu. Akwatinsa na asali? Shi ne. Ya ce akwai mutum biyu, ɗaya a Kuwaiti ɗaya a Turai, da suka yi shekaru suna farautar wannan riyal ɗin, kuma ba sa ga maciji da juna. In aka ajiye shi a tsakaninsu a zauren gwanjo, ba mai sauke yatsa. Ya ce faɗuwar azurfa ba ta shafi irin wannan ba, kuma in yadda na faɗa yake, zai ba Habu kafin alƙalami nan take, wanda zai kawo yayarsa a hajjin bana ya yi saura. "Amma ya Musa, kada kowa ya yi ko numfashi a kansa." Shi ba Musulmi ba ne, ba ya shiga Madina, don haka mu ne za mu kai masa Jidda.

Kwanakin da suka biyo baya kamar a mafarki muka yi su. Habu ya shafe ɗaki guda da farar ƙasa, ya sayi takalmin mata mai laushi ba tare da ya san girman ƙafarta ba. Kullum sai ya biyo ta shago mu zauna, shi yana tsara ta wace ƙofa zai shigo da ita, ni ina ganin mutanen nan biyu a zaure mai kafet suna harare-harare. Na ja masa kunne ya fi a ƙirga. Na ce ko matarsa kada ta buɗe, ko shi kansa. Ya ce, "Haba Musa, shekara nawa ina riƙe da shi?"

To kun san al'adarmu, ko da yake ku yanzu sai dai ku tura saƙo a waya ku ce a sa ku a addu'a. A wancan lokacin ba mai ɗaukar wani babban al'amari ya hau hanya bai tara dattawa sun sa albarka ba. Ana gobe za mu tafi, Habu ya kira su bayan la'asar a tsakar gidansa da ke unguwar Ƙurban, inda kake hango hasumiyar masallacin Ƙuba ta saman katanga. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo shayi da dabino. Aka ɗora akwatin a rufe a kan faifai a tsakiya, yadda muka yi da shi. Babban cikinsu shi ne Baba Tanko, tsohon magini, wanda ya riƙe Habu tun yana yaro. Ya tsufa tukuf, sai an kama shi yake zama.

Aka yi salati, aka yi addu'a mai tsawo, aka ambaci Dije da sunanta, aka shafa. Har na fara miƙa hannu zan ɗauke faifan, sai Baba Tanko ya ce, "Habu, wai ina abin yake ne? Ko akwati muka taru muna yi wa addu'a?"

Aka yi dariya. Habu ya ce, "Yana ciki, Baba."

"To fito da shi mana. Kawo nan in tofa masa albarka, tafiya zai yi."

Na yi gyaran murya da ƙarfi. A wurin nan ni ne ƙarami, kuma ba gidana ba ne, iyakar abin da zan iya ke nan. Habu ya ji ni sarai. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya dubi hannun tsohon da ke miƙe. Ya buɗe akwatin, ya juye riyal ɗin a tafin Baba Tanko.

Hannun magini ne, duk kanta da faso, siminti ya gama cinye shi. Ya kawo riyal ɗin kusa da baki, ya yi karatu a hankali, ya tofa sau uku, sannan ya bi shi da babban yatsa yana murzawa kamar mai shafa kan jariri. Ya miƙa wa na damansa. Shi ma ya karanta, ya tofa, ya murza, ya miƙa. Haka ya zaga da'irar nan, kowa da yatsun da ya ci dabino da su, kowa yana faɗin masha Allah, bai taɓa ganin kuɗi mai kyan wannan ba. Ni dai tun ina kallo har na mayar da ido kan tabarma. Na ƙarshe wani tela ne mai son tsafta. Ya ga abin ya yi danshi, sai ya kama bakin rigarsa da ta sha ƙurar hanya, ya goge shi gaba da baya da iyakar ƙarfinsa.

"Ungo, Habu, na goge maka shi tas."

Habu ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya saka da alheri. Ya raka su har ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

Da sassafe na jiƙa shi a sifirit a shago. Yawu ya fita, maiƙon yatsu ya fita. Na sa adasa. Ruwan randar nan ya tafi, filin duk ya cika da siraran layuka, kamar tsakar gida bayan an yi shara. Wannan ba shi da magani, ko wa ya gaya muku yana da shi ƙarya yake yi. Na gaya wa Habu. Ya ce mu je dai, tunda mun riga mun biya mota.

Ofishin Kawaja yana sama, fanka tana juyawa, iskar teku tana shigowa da warin gishiri. Ya sa farar safar hannu tun kafin mu zauna. Ya buɗe akwatin, ya duƙa da gilashinsa, bai daɗe ba ya ɗago. Ya rufe shi a hankali ya ce, "Haram, ya Musa. Haram." Kaico yake nufi. Bai yi faɗa ba, bai ma tambayi yadda aka yi ba. Ya ce har yanzu riyal ne mai wuyar samu, zai sa shi a gwanjo, amma a shafukan baya. Mutanen nan biyu kuwa ko kallonsa ba za su yi ba, don abin da suke nema shi ne wanda hannu bai taɓa ba. Haka kuwa aka yi. Bayan watanni abin da ya fito bai kai kujerar mutum ɗaya ba.

A hanyar dawowa mota ta tsaya shan shayi a Badar. Raina a ɓace yake, ban ɓoye ba. Na ce, "Yaya Habu, don girman Allah me ya sa? Ka fi kowa sanin abin da na gaya maka. Da ka ce masa a'a sau ɗaya, da yanzu maganar jirgi muke yi."

Ya jujjuya kofin shayinsa. Ya ce, "Musa, babana a Kurdufan ya rasu, a hanya. Ƙafafuna sun kumbura ba na iya takawa, ayari kuma ba ya jira. Baba Tanko ba danginmu ba ne, ba garinmu ɗaya ba. Ya ɗora ni a wuya, ya riƙe ƙafafuna da hannayen nan biyu, har bakin teku a Sawakin. Yau in dube shi a gaban mutane in ce hannunsa zai ɓata kwabo?"

Na biya kuɗin shayin muka hau mota.

Ba wanda ya ji wannan labari a cikin dattawan. Duk Juma'a in an fito masallaci Baba Tanko sai ya tambaya, "Habu, yaya abin nan, albarka ta kama?" Shi kuma ya ce, "Ta kama, Baba, takardu ne suke ja." Ya bar wa matarsa tebur ɗin Uhudu, ya ɗaure bayansa da rawani ya koma jan motar Khaibar. Na sha ganinsa ya sauko daga mota yana dafa ƙofa, sai ya daɗe kafin ya miƙe sosai. Hajjin bana ya wuce, na baɗi ya wuce. A tsakanin nan Baba Tanko ya rasu, Habu ne ya shiga kabarin ya karɓe shi a maƙabartar Baƙi'a.

Sai a hajjin da ya biyo baya Yaya Dije ta iso. Habu ya aiko a ce mini in zo in raka su Harami. Na rufe shago da hantsi na same su a bakin lungu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, kamanninsu ɗaya har da tsagen kumatu, ɗanta yana riƙe da hannu ɗaya, Habu yana riƙe da ɗayan. Na gaishe ta, ta juyo da fuska wajen muryata ta amsa da fara'a, amma idanun sun wuce ni. Na daman ma ya tafi tun damunar bara.

Muka zaga da ita ta gefen Baƙi'a, inda kubbar take fitowa sosai. Rana ta hau, sama tas ba gajimare, tattabarai suna kewaya ta. Habu ya tsaya ya ce, "Yaya, mun iso. Ga ta nan."

Ta yi salati, ta daɗe tana yi. Sannan ta ce, "Habu, da gaske koriya ce?"

"Koriya ce shar, Yaya."

"Kore irin na me?"

Ya ɗaga kai ya dubi kubbar. Can ya ce, "Irin na ganyen gero bayan ruwan fari."

Ta yi dariya har da ɗan tari. "Ji maƙaryaci. Kai da aka fita da kai ko wando ba ka iya ɗaurawa, ina ka san ganyen gero?"

Habu ya juyo wurina, hawaye yana bin gemunsa, ya ce, "Musa, kai ne mai ido. Faɗa mata." Ni da na ƙare rayuwata ina rarrabe duhun azurfa da duhun azurfa, na buɗe baki na rasa abin da zan ce. Tausayi ya kama ni.

Ita ce ta raba mu da wahalar. Ta ce, "Ku bar shi haka nan. Habu, daidaita ni kawai in fuskance ta."

Ta ɗan karkata wajen kasuwa ne ba ta sani ba. Habu ya saki hannunta, ya dafa kafaɗunta biyu, ya juya ta kaɗan zuwa dama, ya ɗaga haɓarta sama da yatsa.

"Nan?" in ji ta.

"Nan, Yaya."

Ta buɗe idanun duka biyu, ta tsaya tana kallo.